Kwanar Babbar Bishiya

Ya ɗaga kai sama, ya buɗe ido da yatsa biyu, yana jiran ɗigon maganin ya sauka kamar kullum da safe, sai wayar ta yi ƙara a kan tabarma. Ɗigon ya kuskure, ya gangaro ta kumatunsa. Bai goge ba.

Baba Direba ya yi rayuwarsa yana jan tasi a garin nan, har idanun suka fara yi masa hazo ya ajiye makulli. Amma aiki ɗaya bai saki ba. Duk bikin da aka yi a dangi, shi ke karɓar baƙin nesa: shi zai faɗa musu inda za su sauka, da titin da za su guje wa in rana ta take, da inda mata za su yi tsaraba ba a cuce su ba. Yanzu autarsa ce za ta yi aure. Tun makon jiya yake kiran uban ango yana shimfiɗa masa garin da baki, lungu bayan lungu.

Uban angon ne a wayar.

"Alhaji, ko garinku ya yi ƙaura ne ba ku sanar ba?" in ji uban ango, yana dariyar gajiya. "Ka ce mu sha kwana a gindin babbar bishiya. Mu dai gada muka gani. Mun hau, mun sauka, mun sake hawa. Tsofaffin da ke bayan mota har sun fara yi min addu'a."

"Ku duba hannun dama, kusa da gidan burodi. Makaho ma ba ya wuce ta."

Babbar 'yarsa tana bakin ƙofa, riƙe da zannuwan gadon baƙi. Ta ajiye su a hankali, ta durƙusa gabansa.

"Baba, kawo wayar."

"Ke kuma me kika sani a hanya?"

"An sare ta, Baba. Tun da aka fara gadar. Gidan burodin ma an rushe."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. A gindin bishiyar nan ya yi shekaru yana jiran fasinja. Can matarsa, mahaifiyar yaran, take kai masa abincin rana, ta zauna a kan bonet ɗin motar tana yi masa tsiyar cin sauri.

"Yaushe?"

"Shekarar da Mama ta rasu. Muka ga abin zai yi maka yawa."

Ta zare wayar daga hannunsa, ta gaida surukan da ladabi, ta ba su haƙuri, ta danna wani abu. "Na tura musu taswira. Waya za ta kawo su har ƙofar masauki."

"Wayar ta san su ne?"

Ta juya ta ɗauki zannuwan gadon. Ya lalubi hularsa a kan ƙusa, ya jawo sandarsa daga bayan ƙofa.

"Baba, ina za ka? Ba ta can za su biyo ba yanzu."

"Na ce musu za su ga alama a kwanar. Tunda babu bishiya, sai in tsaya a wurinta."

Ya taɓa bango, ya sami bakin ƙofa, ya ɗaga labule ya fita.