Riɗi a Bayan Tulu

Jiya tulun nan ginin garin Ushafa ya fashe, Umma ta ce dama ya tsare wuri. Na kakana ne, malamin kimiyya, wanda ya rasu bara.

Yakan jiƙa bayan tulun ya yayyafa riɗi, yatsunsa na ƙanshin yumɓu. "Amarya, matso ki gani. Ƙwayoyin da ido ba ya gani ma haka suke. A shimfiɗe sukan jeru sahu-sahu, amma a kan lanƙwasa dole sahun ya karye, su sake hali."

Su Baba Ƙarami sai dariya: "Tsoho, wannan zai kawo kwangila?" A zaman makoki kuwa su suka fi kowa kiransa masani.

Na tsinci tsingaro ɗaya, na ɓoye a jakar makaranta. Allah ya jiƙansa, ya sa inda yake ana sauraronsa.