Shafin da Maigida Ya Bari

Maigidana yana da shagon kwafin takardu kusa da babbar kasuwar Garwa. A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta, da ita ya buɗe shafi a intanet. Ba komai a shafin sai abin da za a yi a gari: suna, ɗaurin aure, wa'azi, saukar karatu, ƙwallon samari, har taron waƙar cocin mutanen dutse. Duk mai hidima ya turo ta waya, shi kuma ya saka. Wani ya rubuto da Faransanci, wani da Fillanci, wani ya cakuɗa su da Hausa, maigida ya zauna gyara yana mita. Akwai mai albasa ɗan garin Gidar da kan turo sanarwar suna kusan kowace shekara, har maigida ya ce zai ware masa gefe nasa shi kaɗai.

Ni ke karanta masa saƙonnin idan idonsa ya gaji. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na iya.

Da Allah ya yi masa rasuwa, shagon ya koma hannun ƙaninsa, kwamfutar aka kawo min gida. Ina cikin takaba na ci gaba da sakawa. Na ce ko ba komai, abu ɗaya nasa ya ci gaba da motsi.

Da farko wayar ta cika, amma duk ta'aziyya ce. Daga nan abin ya fara ja da baya. Sanarwar wa'azi tana zuwa, ta allurar yara ma tana zuwa. Biki da suna kuwa, sai ka ce an daina aure da haihuwa daga Bibemi har Mora.

Ƙanin maigida ya ce zamani ne, yanzu kowane dangi da zaurensa a waya, wa zai tsaya neman shafi? Ya ce in rufe in huta. 'Yata ta ce shafin ya tsufa, ko hoto ba ya ɗauka da kyau. Ban musa musu ba. Sai dai kowace Asabar ina jin kiɗa da guɗa daga ɗakina. Ana aure a Garwa, ni ce ba a gaya wa. Na ɗauka an manta da shi ne, kuma na kusa bin shawarar rufewa.

Bayan na fita takaba da daɗewa, na je kasuwa wajen wata hajiya mai atamfa, ƙawar mahaifiyata. Na riga na ji an aurar da jikarta. Muka gaisa, ta yi wa maigida addu'a, na yi mata Allah sanya alheri. Sai na ce cikin wasa, ashe an yi biki ba a ba shafinmu labari ba.

Ta ajiye almakashi ta dube ni.

"Haba 'yar nan. Gidan da aka yi rashi zan tura wa labarin kiɗa? Ai sai a ce tsohuwa ba ta da kunya."

Na ce Inna, ai na daɗe da fita.

"To wa ya gan ki a biki? Mu dai ba mu gan ki ba."

Ta ce ba ita kaɗai ba ce. Mata da yawa sun rubuta sun goge, kowacce tana jiran wata ta fara. Ashe ina zaune ina jiran su, su ma suna jira na.

Asabar ɗin nan na ɗaura zanen da na daɗe ban taɓa ba, na tafi sunan wasu maƙwabta da ba su gayyace ni ba. Da na yi sallama hira ta ɗan tsaya, sannan aka matsa min a tabarma. Na ɗauki jaririn, na ce hancin ubansa ne, Allah ya ba shi haƙuri. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Saƙonnin ba su koma yadda suke a da ba, ƙaninsa yana da tasa gaskiyar. Amma ban rufe ba. Tun ban tashi daga tabarmar ba wata ta matso, bakinta cike da shinkafa, ta ce ɗanta zai yi aure bayan salla, in saka mata, kuma in rubuta cewa abinci na waɗanda suka zo da wuri ne.