Baba Mai Sikeli, Malamin Aljabra

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe shagonsa a layin masu gyare-gyare, ya share ƙofa, ya jera duwatsun awo bisa tebur daga ƙarami zuwa babba, sannan ya goge farantan tsohon sikelinsa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan Baba Mai Sikeli yana gyaran sikeli. Mahauta da masu sayar da hatsi sun shaida, sikelin da ya bi ta hannunsa ba ya ƙarya. Ƙarshen watan nan zai rufe shago, don ido ya yi rauni, kuma jama'a sun koma sikeli mai batir.

Ni dai ba gyara ne ya haɗa mu ba, autata ce. Yarinyar nan tana son makarantar koyon aikin jinya kamar ranta, amma sau biyu lissafi yana kayar da ita a jarrabawar gama sakandare. Ta rantse idan ta faɗi na uku ta haƙura da karatu. Ni kuwa uban nata, da na ga haruffa sun shiga cikin lambobi sai kaina ya fara juyawa.

Saura mako biyar a yi jarrabawa, mahaifiyarta ta aike ta shagon Baba da sikelin kicin a gyara. Tana zaune tana jira, tana faɗa da littafinta, sai Baba ya leƙo.

"'Yata, wa ya taɓa ki kike ta tsaki?"

"Baba, aljabra ce. Wai x da ɗari biyu sun zama ɗari bakwai, a nemo x. Ni ɗari tara nake samu, littafi ya ce ba haka ba."

"Wane ne kuma x?"

"Abin da ba a sani ba."

"Au, ƙunshi ke nan! Ai sai ki faɗa."

Ya auna ƙusoshi a ɓoye, ya ƙulle su a tsumma, ya ɗora a faranti ɗaya tare da dutsen giram ɗari biyu. A ɗaya farantin ya jera duwatsun giram ɗari bakwai. Sikeli ya tsaya daidai. Ya ce ta cire ɗari biyun da ke kusa da ƙunshi. Tana cirewa, sikeli ya karkace.

"Kin ga kin zalunci ɓangare ɗaya. Abin da kika yi wa dama, yi wa hagu."

Ta cire ɗari biyu a can ma. Sikeli ya dawo daidai, ƙunshi a nan, ɗari biyar a can. Telan da ke maƙwabtaka ya ce ihun da ta yi, ya zaci wuta ce ta tashi.

Daga ranar kullum da la'asar tana shagon, har ta jawo ƙawayenta huɗu. Ita ke karanto tambaya, shi ya mayar da ita ƙunshi da duwatsu. Inda tambaya ta fi ƙarfin sikeli, ba ya jin kunyar cewa, "Wannan kam ku kai wa malaminku, ku dawo ku koya mini."

Ranar jarrabawa, mai sa ido a ɗakin ta ga 'yata ta buɗe tafukanta biyu tana ɗaga ɗaya tana sauke ɗaya. Ta zo ta duba ko an yi rubutu a hannun, ba ta ga komai ba. Awo kawai ake yi.

Baba, kai ne malamin da bai taɓa riƙe alli ba. Kai ne ka cire wa 'yata tsoron da ni ubanta na kasa cirewa, kuma wallahi ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, idan kun ga ɗalibi yana tsaki a kan littafi, ku leƙa. Wataƙila amsar tana kan teburinku.

Da sakamako ya fito, a guje ta je shagon, ni ina biye ina haki.

"Baba, na ci! Mu biyar duka mun ci!"

Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ɗora ta a farantin sikeli. Sikeli ko motsi bai yi ba. Ya dube shi, ya dube mu, yana dariya yana share ido.

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji shi, "yau ne kawai sikelina ya yi ƙarya."