Gonar Habeeb a Wayar Kawu Mannir

Kawu Mannir ƙanen mahaifiyata ne, kuma a gidansa na girma a Funtua. A Tsiga aka haife shi. Ya zo gari yana saurayi, ya kama aiki a wani kamfanin gurzar auduga, da aikin ya tsaya sai ya buɗe rumfa kusa da kasuwar hatsi yana gyaran injin feshi, irin wanda manoma ke goyawa a baya. Shekararsa hamsin da huɗu. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Bayan aikinsa abu ɗaya aka san shi da shi, wato wasan noma a waya, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yi.

Sunan wasan na Turanci ne, shi dai Gandu yake ce masa. Ana ba mutum fili ya yi shuka ya yi kiwo, maƙwabtan gonarsa kuma mutane ne na gaske da ke riƙe da waya a wasu garuruwa. Abokinsa Habeeb ne ya sa masa shi. Habeeb Bayarabe ne haifaffen Funtua, yana sayar da kayan gyaran injin niƙa a shagon da ke kallon rumfar Kawu. In Kawu ya ce masa, “Bayarabe, me ka sani a noma?” sai ya ce, “Ni a garin nan aka binne cibiyata. Kai kuwa a bayan motar masara aka kawo ka daga Tsiga.”

A cikin wasan dawa kan nuna cikin awa kaɗan, sauran mutane su girbe su sake shukawa sau uku a yini. Su biyun suka ce wannan aikin yara ne. Ba sa shuka a waya sai ruwan shuka ya sauka a Funtua, ba sa girbi sai sun ga sabuwar dawa ta shigo kasuwa. Tsakanin nan sai ba dabbobi abinci da leƙa gonar juna. Gonakinsu na jere, suka raba su da layin wasu ƙananan ciyayi da suke kira gamba, kamar yadda ake yin iyaka a ƙauye. Saboda wannan tsari, a shekara takwas ba su kai inda wani yake kaiwa a wata biyu ba, kuma bai taɓa damunsu ba.

Suna da gona ta gaske ma, ta haɗin gwiwa, can gaba da Dandume. Shekara uku da suka wuce, wata Asabar, aiki ya riƙe Kawu, Habeeb ya ce zai je shi kaɗai ya duba masu noma, ya kwana biyu. Da yake babu sabis a wajen, sai ya rubuta lambar shiga gonarsa ta waya a jikin wani kwali ya miƙa wa Kawu.

“Riƙe mini gonata. Amana ce, kada in dawo in tarar awakinka sun shiga.”

'Yan bindiga suka tare hanya a ranar. Ina hutun jami'a a lokacin, kuma ni na raka Kawu muka ɗauko gawar Habeeb. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Har yau in na ji babura da yawa sun taho tare, sai na nemi wurin zama.

Bayan addu'ar bakwai Kawu ya ce zai je ya ga gonar Dandume. Matarsa, Inna Sa'adiya, ta tsaya a bakin zaure ta ce sai dai ya bi ta kanta. Sai ya ciro kwalin daga aljihu ya dube shi.

“Shi ke nan,” in ji shi. “In wani abu ya same ni, wa zai riƙe wa Habeeb gonarsa? Muddin amanarsa na hannuna, babu inda zan je.”

Duk gidan muka riƙe wannan magana. Inna Sa'adiya da ta shekara takwas tana mita a kan wayar, ita ta koma kai ta caji da kanta. Kowace safiya Kawu kan fara shiga gonar Habeeb kafin tasa. Bai taɓa ɗaukar ko zangarniya ɗaya daga rumbun Habeeb ya kai nasa ba, ko da yake maɓalli ɗaya ne.

Wasan kuwa yana ta tsufa. Yakan daɗe kafin ya buɗe. Maƙwabta suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, gonakinsu suka zama saura, ba mai nomawa. Akwai wata mata da Kawu ya ce 'yar Indonesiya ce, wadda take aiko masa da hoton hannu yana gaisuwa kowace Juma'a. Ita ma bara ta daina. Ya yi mata addu'a, ya ce ko da rai ko babu.

Bana na gama karatu na dawo ina jiran tafiya hidimar ƙasa, yawancin yini ina rumfarsa. A tsakiyar Yuli ya miƙo mini wayar, wani dogon rubutun Turanci ya rufe gonar.

“Maharazu, kai mai digiri, me mutanen nan suke cewa?”

Na karanta sau biyu. Masu wasan suna godiya ga waɗanda suka zauna da su tsawon shekaru, suna kuma sanarwa za su rufe shi gaba ɗaya a ƙarshen Agusta. Abin da na gani a raina hanyar Dandume ce.

“Talla ce, Kawu,” na ce, na danna ta tafi.

Kwana goma sha biyu na yi da wannan ƙarya. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa har uku ina roƙo a bar ko gona ɗaya, ba wanda ya amsa. Sai wata safiya lambobi suka fito a saman wasan, kullum suna raguwa. Kawu ba ya jin Turanci, amma ya iya ƙidaya. Ya bari sai da wanda ya kawo gyara ya tafi, sannan ya ajiye sifana.

“Jiya talatin da huɗu, yau talatin da uku. Wace irin talla ce take ƙirga kwana?”

Na faɗa masa gaskiya. Ban iya ɗaga kai ba.

“Ka san dalilin da ya sa na ɓoye, Kawu.”

“Na sani. Kai da innarka duk ɗaya kuke.” Bai ɗaga murya ba. “Amma ka ci mini kwana goma sha biyu a kan kayan marayu. Da ta ɓace a hannuna ban mayar ba fa? Me zan ce masa?”

Na ce ai hoto ne kawai, ba wanda zai tambaye shi. Ya dube ni kamar na zagi wani.

“Da bakinsa ya ce amana. Bai ce hoto ba.”

Abin da ya fi ci masa rai shi ne dawar Habeeb tana tsaye, kuma kaka ba za ta zo ba kafin a rufe. A waje dawa ko kai ba ta fitar ba. Ya yi sati biyu yana shiga yana dubawa yana fita. Wani lokaci yakan zagaya gonakin maƙwabtan da suka tafi, yana faɗa mini sunayensu da abin da kowa yake shukawa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya sa farar rigarsa ya ce in biyo shi, yana buƙatar shaida. Muka je gidan Habeeb. Matar marigayin, Morenike, ta shimfiɗa mana tabarma, 'yarsu Rukayat, mai karatun jinya, ta kawo ruwa. Kawu ya buɗe wayar ya ajiye a tsakiya, ya ɗora kwalin a gefe. Sannan ya yi abin da ake yi in za a miƙa gona ga magada. Ya bi iyaka da yatsa, kusurwa huɗu, yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

“Daga gambar nan zuwa rafi ta babanki ce. Daga nan zuwa nan tawa ce. Rumbu ga shi, girbin shekara uku, ban taɓa ba. Maharazu, ka shaida?”

“Na shaida.”

Rukayat tana danne dariya. “Baba Mannir, to yanzu a wace kasuwa zan kai dawar?”

“Ke dai karɓi abinki, 'yar nema.”

Ta ɗauki wayar tana dubawa, ta taɓa wata saniya mai ƙiba, suna ya fito a kanta. Ta kwashe da dariya ta nuna wa uwarta. Habeeb ya raɗa wa saniyar Morenike.

“Ni ce saniya?” in ji Morenike. “Malam Mannir, kana gani shekara da shekaru ba ka faɗa mini ba? Wallahi da yana nan da yau bai ci tuwo a gidan nan ba.”

Tana cikin faɗa sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Rukayat ta ci gaba da taɓawa a hankali. A bakin gonar akwai ƙaramin allo, uban ya rubuta: Gonar Baban Ruka. Ta daɗe tana kallonsa.

“Girbe,” in ji Kawu. “Lokaci bai yi ba, amma ba za su jira mu ba. Ni ba zan iya ba.”

Ta bi layi-layi da yatsa, dawar tana faɗuwa tana shiga rumbu. Ba ta kai minti biyu ba. Na ɗauki hoton kowace kusurwa na tura mata. Kawu ya bar kwalin a kan tabarma.

Tasa gonar bai girbe ba. Ranar ƙarshe bayan la'asar yana zaune a rumfa da wayar a hannu, wasan ya tsaya, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan rubutu ya fito. Bai ce in karanta masa ba. Ya sa wayar a aljihu, ya ja wani injin feshi ya kwance shi, ko da yake da safe ya gama gyara shi.

Asabar da ta biyo na tarar da shi a tsakar gida yana wasa fartanya. Inna Sa'adiya tana tsaye a bakin zaure kamar wancan karon.

“Ka yi alkawari,” ta ce.

“Na ce muddin tana hannuna. Na mayar.” Ya gwada kaifin da babban yatsa. “An ce hanya ta yi sauƙi, mutane suna zuwa. Wake bai makara ba. Kuma rabin gonar Dandumen ma na Rukayat ne, shekara uku tana saura.”

Ta dube ni, kamar ni mai digiri zan samo wata magana. Ta matsa gefe, ya tura babur ɗinsa ya fita.

Yau Asabar ta huɗu ke nan yana zuwa. Ni nake tsare masa rumfa, ko da yake ban iya gyaran komai ba. Wayar yana barinta a cikin akwatin sifanu, ya ce babu sabis a can, kuma ba abin da zai duba a cikinta. Ukun da suka wuce ya dawo kafin magariba. Yanzu an idar da la'asar, na juya benci yana kallon hanyar da yake ɓullowa. Na san ƙarar babur ɗinsa, salansar ta fashe tun bara.