Gonar da Aka Share

Jirgin ƙarami ne, na mutum biyu, amma matuƙin shi kaɗai ne a ciki ranar da ya faɗi a gonar kawuna, kan hanyar Dungu. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Matameye. Kafin in isa, manoma sun ciro saurayin, sun lulluɓe shi da zane.

Mutanenmu ba sa iya ganin abu a watse su bar shi. Kafin jandarmomi su zo, kawu ya sa an tsince kowane ƙarfe, har ƙusa, an tara a gindin gawo, don kada masu sayen tsohon ƙarfe su yi wa mamaci sata. Mata suka share wurin tas, suka zuba rairayi a kan jinin.

Da masu bincike suka iso daga Yamai, ni na yi musu tafinta. Babbansu ya kalli tarin nan, ya dafe kai. Ya ce su a ƙasa suke karanta haɗari: inda fiffike ya faɗi, inda farfela ta fara kartar ƙasa, nan ake gane ko inji ne ya mutu ko laifin matuƙi ne. Faɗan da ya yi wa kawu ya ba ni haushi, rabinsa kawai na fassara. Amma fa da gaskiyarsa.

Mahaifin yaron, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Damagaram, yana tsaye a gefe. A gari ana ta yaɗa cewa ɗansa ya sauko ƙasa-ƙasa ne don ya burge wata budurwa, kuma maganar nan ta hana shi sakat.

"Malam, tambayar mini shi," in ji Alhaji. "Ganganci ɗana ya yi, ko ƙarfe ne ya ci amanarsa?"

Na tambaya. Mai binciken ya ce da an bar gonar yadda take, da ya faɗa masa. Yanzu kam ba mai iya sani. Na fassara.

Alhaji bai zagi kowa ba. Ya kama hannun kawu, ya yi masa godiyar suturta ɗansa, sannan ya rage murya.

"Baba, gonarka ce. Kafin ya faɗo, ka ji injin yana tari? Ko sau ɗaya?"

Na ga kawu yana so ya ce e. Sai hawaye suka bi gemunsa.

"Alhaji, Juma'a ce. Duk muna masallaci."