Ƙamshin Yaya Binta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Binta, amma har yau in na bi ta layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi na ji an sa turaren wuta, sai na rage sauri.

Haɗa turare ce sana'arta. Amaren Tarauni da Daurawa da yawa da turarenta aka kai su ɗaki. Ba ta yarda ta sayar da haɗin da ba ta gwada ba. Sai ta zuba hawi da sandal a kan garwashi, ta lulluɓe kanta da mayafi, ta sunkuya a kan kaskon kamar mai sirace. Ta ɗago ido jawur, ƙirji na fito, ta ce, "Saura kaɗan, a ƙaro gajiji." Mu kuwa dariya muke yi, muna ce mata mai usur.

Asma ce, kuma ta sani. Likita ya ce ta rabu da hayaƙi, ya ba ta abin shaƙa guda biyu: shuɗi na lokacin da numfashi ya sarƙe, da ruwan ƙasa na kullum, wanda ke kwantar da kumburin hanyar iska tun ciwon bai tashi ba. Yaya ta ce shuɗin ne ɗan albarka, shaƙa ɗaya ƙirji ya buɗe. Ɗayan kuwa malalaci ne, ba ta jin aikinsa, ta jefa shi a durowa. Maganar barin turare kuma ko sauraro ba ta yi ba. Ranar da abin ya zo da ƙarfi, da hantsi, shuɗin bai yi komai ba. A cikin adaidaita sahu ta cika a hanyar asibiti, kanta a cinyata, kafin mu fita Zoo Road.

Ina kewarta ƙwarai. Ina kewar faɗanta ma.

'Yarta Ummi ta gaji ƙirjin. Ita dai kowace safiya sai ta shaƙi malalacin nan, ta kurkure baki, ta tafi aikinta na koyarwa, kuma rabonta da gadon asibiti an daɗe. Nakan ce da Yaya za ta gani, me za ta ce? Wataƙila ta taɓe baki ta ce yaran zamani sun cika tsoro. Wataƙila kuma ta yi shiru, don ba ta iya cewa ta yi kuskure ba.

Watan jiya aka yi bikin Ummi. Ana shirin kai ta Unguwar Gano, Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta shigo da kasko cike da garwashi za ta turara amarya. Ummi ta ja baya, ta ce a fita da shi.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "'Yar Binta guda a kai ta ɗaki ba turare? Mutane su ce me?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Ummi. "Duk matan nan da turaren Mama aka kai su, ga su nan sun zo bikina. Ita ce ba ta zo ba."

Gwaggo ta ɗauki kaskonta ta fita tsakar gida, na ji ƙarar ruwa a kan garwashi.

Ana ta tambayata ko akwai wanda ya gaji haɗin Yaya. Babu, ta tafi da shi. Abin da ta bari shi ne taurin kan nan, kuma a wurin Ummi ya yi rana. Allah Ya ji ƙanki, Yaya. Mun kai 'yarki ɗakinta ba ƙamshi, tana numfashi lafiya lau.