Na fara da faifan kusa

Jiya da hantsi ina zaune a gindin ƙarfen sabis ɗinmu na Faskari, kwamfuta a cinya, ina ƙoƙarin faɗaɗa hanyar da ke kai sabis wani ƙauye ta wajen Sabuwa, don jama'a sun daɗe suna kukan kira na yankewa.

Faifai biyu na aika sigina ne ke kallon juna, ɗaya a ƙarfen nan, ɗaya a na ƙauyen. Ƙa'idar aikin tana shafin farko na littafina: a fara canza saitin na nesa, sannan na kusa. Ni kuwa na fara da na kusa. Nan take suka daina jin juna, ƙauyen ya rasa sabis gaba ɗaya. Gyaran sai an je can, a hanyar da kowa ya san halinta.

Bayan azahar wani dattijo ya sauka daga kan mashin, wayarsa ƙunshe a leda.

"Ɗana, kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, Baba."

"To ka taimaka. Mutanen daji ne suka ɗauke ɗana Sale, sun ce yau za su kira. In suka ji waya a kashe sai su ce na raina su. Shi ya sa na biyo sabis har nan." Ya dafa kafaɗata. "Allah ya yi maka albarka, ku ne gatanmu."

Na ce amin, ban iya faɗa masa ni ne na kashe sabis ɗin ƙauyensu ba.

Har la'asar yana zaune kusa da ni, wayar ba ta yi ƙara ba. Ban sani ba ko sun kira tun yana hanya.

Gobe da sassafe zan kama hanyar ƙauyen in gyara. Jama'a, da ku ne, za ku faɗa masa?